Tagogi Uku a Ƙofar Jatau

Jiya ina zaune a ƙofar gida na ji ɗayanku yana cewa gini ba wani abu ba ne, ɗora bulo ne a kan bulo, in dai akwai takardar zane da siminti ko makaho ma ya yi. Ban tanka ba saboda akwai baƙi. Yau babu baƙo, don haka ku matso. Sunana Iliyasu, amma daga Kusfa har Ƙofar Jatau Ilu Magini aka sani, kuma na fi shekara arba'in ina hawa kan gidajen mutane a cikin birnin Zariya. Ban taɓa faɗowa daga tsani ba, bangon da na gina bai taɓa danne kowa ba. Amma akwai tagogi uku da na taɓa fitarwa waɗanda saura ƙiris su raba wani bawan Allah da gidan kakanninsa, kuma takardar zanen nan da kuke taƙama da ita tana cikin aljihuna lokacin da na yi su.

A hannun ƙanin mahaifina na koyi aiki, Baffa Tanimu, Allah ya jiƙansa. Shekara biyu cur bai bar ni na taɓa bango ba. Aikina in tattake ƙasa da ciyawar ramno, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, a sake tattakewa, sannan a mulmula tubali a jera a rana. Ko jefa tubali ga wanda ke kan bango sai an koya: ka jefa da ƙarfi ka targaɗa masa yatsa, ka jefa a hankali ya dawo maka a ka. Kayan aikinmu ba su taka kara sun karya ba, diga ce da fartanya da kwando da tsani da igiya. Hannu shi ne cokalin gini, ido shi ne ma'auni. Baffa kan koma nesa ya kanne ido ɗaya ya ce bangon nan ya karkata da yatsa biyu, a ɗauko igiya a gwada, a tarar yatsa biyun ne. Shi ya nuna mini yadda ake gane azarar kirki da ƙwanƙwasawa, da yadda ake jiƙa makuba a yi yaɓen da ruwa zai sulale a kai ya bi indararo ya fita.

Amma abin da ya fi tsananta mini a kai ba ƙasa ba ce, ido ne. Ku dubi yadda birnin nan yake: gida manne da gida, tsakar gida a buɗe, makewayi babu rufi. Wanda ya hau soro ɗaya yana iya ganin cikin gida biyar. Kuma kowace shekara kafin damina dole a hau, a toshe tsaga, a share indararo, a sabunta yaɓe. Saboda haka ana gobe za a hau, mai gida zai bi maƙwabta ya shaida wa mazansu. Da safe magini ya dafa tsani ya ɗaga murya sau uku: “A gafarce mu, magina za su hau!” Sai ka saurara. Za ka ji ana jan turmi, ana kiran yara, ana kwashe shanya. In wuri ya yi tsit, sannan ka hau. In ka gama kuma ka sake ɗaga murya ka ce magina sun sauka, mata su fito su ci gaba da sabgoginsu.

Duk da wannan kiran, ba ka kallon ƙasa. Idonka yana kan aikinka, in ya gaji ka ɗaga shi can nesa. Akwai ɗan bangon nan da ke kewaye rufi, wanda muke kira rawani. Baffa ya ce daga rawani zuwa ƙasa magini ba shi da ido. Sau ɗaya tak na karya wannan doka. Kaza ce ta yi kuka a wani gida na waiga, ban ma ga kazar ba na ji dunƙulen ɗanyar ƙasa a ƙeyata, tim! Baffa ne ya jefo, ya ci gaba da yaɓensa. Daga ranar wuyana ya koyi darasin, har ya zama ko ina so in sunkuya ba ya yarda.

Wannan ya sa na san saman garin nan fiye da yadda na san lungunansa. Da na fara hawa, babu abin da ya kai rimi tsawo. Ka duba ko'ina sai rimaye tsaye, a ƙarƙashinsu soraye ja-ja masu doro, kowane da zankwayensa a kusurwa kamar kunnuwan zomo, can ga ganuwa, can yamma ga dutsen Kufena. Ta zanko kaɗai nakan gane hannun wanda ya yi gini, na Baffa siriri ne mai ɗan lanƙwasa waje. Akwai benaye na ƙasa jefi-jefi a gidajen manya, amma tagoginsu 'yan ƙanana ne, da ƙyar kai zai shiga, kuma can sama da tsayin mutum. Sannu a hankali kwano ya fara ƙyalli nan da can. Sai eriyar talabijin a kan gora, sai tankin ruwa a kan ƙarfe. Ta wajen Tudun Wada da Sabon Gari kuwa fararen benaye suka yi ta tsirowa. Wajen tsakiyar shekarun tamanin, in ka hau rufi da hantsi sai ka kare ido da hannu saboda hasken kwano.

Akwai wani rani da ba na mantawa. Baffa ya riga ya rasu, ni ne babba, kuma daga kaka har bazara aiki biyu na samu: gyaran indararo ɗaya, da katangar garken awaki da ta zube. Kowa rushe soro yake yi yana buga kwano. Ban ga laifinsu ba, yaɓe duk shekara wahala ce, kwano kuwa ka buga ka manta. Amma ga iyali a gida, kuma ciki bai san an daina yayin ƙasa ba. Na tattara na tafi Kaduna, da furfura a gemuna, na koma ɗan koyo a ƙarƙashin wani matashi da a haife na haife shi. A can na koyi riƙe cokali da plam na auna miƙewar bango, da ɗaure rodi, da zuba kankare, da karanta takardar zane. Ranar farko da za mu hau hawa na biyu, na dafa tsani na ƙwala kira kamar yadda na saba. Leburori suka yi ta dariya har da faɗuwa, daga nan suka raɗa mini suna Ladan, har na baro garin ba su daina ba.

Da na hau na gane abin da ya ba su dariya. Kaduna gari ne da aka shimfiɗa da layi. Inda muke aiki kowane gida da filinsa kewaye da shi, taga tana kallon titi ko tana kallon shukar mai gida, babu wanda zai ɓuya don wani ya hau sama. Daga can sai ka ga benayen ma'aikatu farare, da gada, da hayaƙin masana'antu, babu rimi babu zanko. Kano ma na je wani aiki na mako uku, na ga benaye sun tsaya kafaɗa da kafaɗa da soraye ta wajen kasuwa, Dala yana kallonsu duka. Amma Kaduna ce ta burge ni, ba zan ɓoye muku ba. Na ce wannan shi ne gini, mu da wasan ƙasa muke yi. Abin da ban lura ba shi ne Kaduna ba ta da tsohon gida a gefe da za ta ji kunyarsa.

A wurin aikin nan Alhaji Mamuda ya same ni. Babban ma'aikacin gwamnati ne a Kaduna, amma ɗan Ƙofar Jatau ne, ya san Baffa. Ya ce yana so ya tayar da bene na bulo a gidan mahaifinsa, kuma ya fi son ɗan gari ya yi masa. Na dawo gida kamar an yi mini sarauta. Wannan ne babban aikina na farko na siminti. Na ba shi shawara a bar tsohon zauren, don hannun Baffa ne, ya yarda. Sauran ɗakuna muka rushe. Ya kawo zane daga wani injiniya, da hatimin ofis a jiki. Injiniyan sau biyu ya zo, motarsa ma ba ta shiga lungun, a bakin titi yake barinta. A zanen, hawan sama yana da manyan tagogi uku masu gilashin luba ta gabas, da 'yar baranda, don shan iska. Bayan layin bangon gabas kuwa babu komai a takardar, fari fat. A ƙasa, wannan farin wurin gidan Malam Bashari ne.

Malam Bashari maɗinkin manyan riguna ne, bayan la'asar kuma yana ba da karatu a zaurensa. Mahaifinsa da mahaifin Alhaji tare suka yi karatu, tare suka tsufa a dakali ɗaya. Mutum ne mai kawaici, irin wanda za ka taka masa ƙafa ya ce maka sannu. Ni nake yi masa yaɓe duk shekara, don haka na san gidan: ɗaki bakwai, rijiya, bishiyar lemun tsami a tsakiya. Yana zaune da maiɗakinsa Hauwa, mai murza taliya ta shanya a igiya ta sayar, da 'ya'yansu mata uku da suka fara tasawa, da mahaifiyarsa Goggo Asabe, wadda kullum tana gindin lemun nan tana kaɗi.

To ga inda na ɓata. A ginin ƙasa, kafin a fitar da taga a bene akwai abin da ake yi. Magini zai nemi izini ya shiga tsakar gidan maƙwabci tare da mai gidan, a sa wani ya kafa sanda daidai inda tagar za ta zauna, shi kuma ya bi kusurwa-kusurwa yana ɗaga kai. In ka hango sandar, to taga za ta hango ka, sai a ɗaga ta ko a sauya mata bango. Daga ƙasa ake duba taga, tun da daga sama ba a kallo. Na san wannan kamar yunwar cikina, na yi shi da Baffa ba sau ɗaya ba. Amma ban yi ba. Na ga hatimi na ce ai masu ilimi sun riga sun duba. Kuma gaskiyar magana, ba na so injiniya ya ce ga bagidaje ya zo da al'adar ginin ƙasa.

Wata bakwai muka yi a kan benen nan. Kullum da safe ina dafa tsani in yi kira sau uku, in ji ana jan turmi a gidan Malam Bashari, in hau. Kullum da yamma in ce magina sun sauka. Ina alfahari ma da cewa ni ban yar da ladabin sana'a ba don na koma siminti. Ban taɓa tsayawa na tuna cewa kiran nan don aikin kwana biyu ko uku aka yi shi ba. Ni na tsaya a bakin tagogin nan na ɗora musu kan taga, ni na daidaita firam, ni na jera gilashin luba ɗaya bayan ɗaya. Ina ganin rimaye, ina ganin hasken gabas, ina cewa kai, Alhaji zai sha iska. Ko sau ɗaya idona bai sauka ƙasa ba, leburorina ma na hana su. Kai da ka ce ko makaho ya yi gini, gaskiyarka, ya taɓa yi, ga shi zaune a gabanka.

Aka gama, aka yi fenti, aka yi walima. Malam Bashari ne ma ya yi addu'a. Alhaji ya koma Kaduna da iyalinsa, sai hutu yake zuwa, ya bar ƙannensa biyu samari 'yan makaranta a hawan sama, su da abokansu. Yaran kirki ne, ban taɓa jin an kawo ƙararsu ba. Da yamma sukan zauna a baranda da rediyo, su yi shanya, su yi hira. Ni kuwa sunana ya tashi. Bene fari tsaf a tsakiyar soraye, daga Kusfa ana hango shi, kowa ya tambaya a ce aikin Ilu ne. Alhazai biyu suka fara yi mini maganar nasu benen.

Bayan kamar shekara guda, da bazara, Malam Bashari ya aiko in zo. Na ɗauka yaɓe ne. Sai ya ɗauke ni muka tafi Tudun Jukun, ya nuna mini wani fili, ya ce ɗaki uku yake so da makewayi, da sauri, kafin ruwa ya sauka sosai, gidan birni kuma zai sayar. Na dube shi na ce Malam, lafiya? Ya ce lafiya lau, gidan ne ya yi musu kaɗan. Ɗaki bakwai, mutum shida! Kuma ku kun sani, ɗan birni ba ya fita bayan ganuwa haka siddan, balle mutumin da aka binne cibiyarsa a gidan, ɗalibansa duk a unguwar. Amma babba ya faɗi magana, ban ja ba. Na auna fili da ƙafa, na ce jibi zan kawo masa bayani.

Washegari maiɗakina ta dawo daga gidan suna ta ce Goggo Asabe ta ce in je tana nemana, kuma in je lokacin da Malam ya tafi kasuwa. Goggo ta haura tamanin, ta san ni tun ina jefa tubali, babu wani ɓuya tsakanina da ita. Na yi sallama da hantsi na shiga. Abin da na fara lura da shi, tsakar gidan babu kowa. Igiyoyin taliya suna nan, babu taliya. Gindin lemu an share, babu tabarma. An rufe saman makewayi da tsohon kwano da buhuna, an danne da duwatsu. Turmi yana cikin ɗaki, murhu an mai da shi wani loko bayan zana, duk bangon ya yi baƙi. Goggo na cikin ɗakinta a wannan zafin na bazara, tana fifita. Muka gaisa, ba ta bari na zauna ba. Ta kama wuyan hannuna ta ja ni har tsakiyar gida, ta tsaya.

“Ilu, ɗaga kanka.”

Na ɗaga. Tagogi uku, wangale, kamar a miƙa hannu a taɓa. Ga baranda, ga rigar saurayi a shanye, ga ɗaya daga cikin yaran zaune ya ba mu baya yana karatu. Babu inda za ka tsaya a gidan nan ba su gan ka ba, daga bakin rijiya har ƙofar makewayi. Wallahi kunyar da na ji a wurin ban taɓa jin irinta ba, da ƙasa ta tsage da na shige.

Goggo ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Kullum ka ce magina za su hau, mu shige ɗaki. Wata bakwai muna shiga. Ranar ƙarshe ka ce magina sun sauka, muka fito, muka tarar ba su sauka ba.”

Ta ce Hauwa ta daina taliya tun ana ginin, don ba a shanya ta a ɗaki. 'Yan matan ko ruwa za su ja sai sun yafa mayafi kamar masu zuwa unguwa. Bashari ya hana kowa magana, ya ce ba zai iya buɗe baki ya ce wa ɗan aminin mahaifinsa ya fasa gidansa ba, gara shi ya tashi. Ita kuma ta ce ta gaya masa, a gidan nan ta haife shi, ba abin da zai fitar da ita sai makara. Ta ce ba ta kira ni don in ba ta haƙuri ba, haƙuri suna da shi har ya yi musu yawa. Wanda ya ɗaura shi ya san inda bakin igiya yake.

Ba zan yi muku ƙarya ba, kwana biyu na yi ina juya abin. In na yi shiru, aikin Tudun Jukun nawa ne, benaye biyu nawa ne, kuma Malam Bashari har ya mutu ba zai faɗa wa kowa ba. In na yi magana, na tona wa kaina asiri a aikina na farko. Ran na uku na hau mota zuwa Kaduna. Na jira Alhaji a ofis har azahar, na zayyana masa komai, na ce laifina ne, akwai abin da ake yi ban yi ba.

Ya yi faɗa, kuma yana da gaskiya. Ya ce ni ne magini ko shi? Shi takarda ya sani, ni na san unguwa, don me ya ɗauko ɗan gari? Daga nan faɗan ya koma kan Malam Bashari. Ya ce shekara guda mutumin nan yana gaishe shi, yana yi wa 'ya'yansa addu'a, ashe yana shirin barin unguwa saboda shi, a bar shi da abin faɗi har jikoki. Sai ya cire tabarau ya goge. Ya ce injiniya ya ce in babu tagogin nan ɗakunan za su zama tanda. Na ce haka ne, amma ya ba ni kwana goma. Ya ce ya ba ni, da sharaɗi ɗaya: kada Malam ya san an kawo masa magana, don in ya sani ba za su ƙara iya haɗa ido ba. Za a ce ruwan gabas ne ke shiga ta luba yana ɓata ɗakuna.

Dabara ce mai kyau, don kowa ya san daga gabas hadari ke taso mana. Sai dai a kaina ta ƙare. Kafin mako ya zagayo magana ta bazu cewa tagogin Ilu suna yoyo. Ɗaya daga alhazan nan biyu ya janye aikinsa ya ba wani daga Sabon Gari. Abokan sana'a suka samu abin tsokana, in na wuce su ce Ilu, a zo da lema? Na haɗiye. Laifin ƙarya aka ɗora mini, amma ya fi na gaskiyar sauƙin ɗauka.

Ga yadda na yi aikin, ku saurara, don wannan babu shi a takarda. Na cire luba duka. Na toshe kowace taga da bulo har ta wuce kan dogon mutum, na bar siririyar kafa doguwa a ƙarƙashin silin, na karkata bakinta sama yadda Baffa ke yi a benen ƙasa, haske da iska su shigo, ido kuwa sama zai tafi. Na fasa sababbin tagogi ta yamma, wajen lungu, inda babu tsakar gidan kowa, don iska ta samu hanyar wucewa. Baranda na ɗaga mata rawani ya fi tsayin mutum. Da na zo kusurwa hannuna ya yi ƙaiƙayi, na ɗora zanko biyu na siminti, sirara masu lanƙwasa waje. Alhaji da ya gani dariya ya yi, ya ce an yi wa bature rawani. Har yau in kun hau sama a Ƙofar Jatau za ku gan su, shi kaɗai ne benen bulo mai kunne.

Duk kwanakin nan Malam Bashari yana zaurensa da allurarsa. In na wuce ya ce sannu da aiki, ruwan gabas ba dama. In ce wallahi kuwa, Malam.

Ranar da na gama na shiga gidan na bi kusurwa-kusurwa ina ɗaga kai, ban ga inda ido zai leƙo ba. Amma Goggo ta ce ita ba ta yarda da wannan ba, duban ƙasa bai ishe ta ba, an riga an cuce ta sau ɗaya. Ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a tsakiyar gida, ta yafa farin mayafi, ta ɗauko mazarinta ta zauna. Ta ce in hau in neme ta, in na gan ta ban gama ba.

Na hau. Shekara talatin da wani abu rabona da in kalli ƙasa daga sama, sai da na yi da gaske wuyan ya lanƙwasu, ina jin kamar dunƙulen Baffa yana tafe. Na bi ɗaki uku, babu. Na fita baranda na yi ɗage, babu. Ina saukowa, a kwanar matakala, sai ga wata 'yar kafar iska da ban ma sa ta a lissafi ba. Na kanga ido, ga fari-fari a ƙasa. Na ɗaga murya na ce, Goggo, na ga bakin mayafinki.

Ta ce, “To ba ka gama ba.”

Washegari na toshe ta, na fitar da wata a sama. Goggo ta sake zama, na sake hawa. Wannan karon har bulo na ɗauka ina takawa a kowace kafa, don samari ba su rasa dabara. Ban ga komai ba sai kan bishiyar lemu, da sorayen Kusfa, da rimi can nesa. Na sauko na tsaya a gindin bango na ce, “Magina sun sauka!”

Ta bayan katanga na ji muryarta, “Yanzu kam sun sauka.” Kafin in haɗa kayan aikina na ji ana gungaro turmi waje.

Bayan kwana uku Malam Bashari ya tare ni a ƙofar masallaci. Ya dubi sama ya ce damina ta matso, kuma rufinsa bara bai ga yaɓe ba, ko ina da sarari? Na ce ina da shi. Ban tambaye shi Tudun Jukun ba, shi ma bai sake tambayata ruwan gabas ba, har Allah ya karɓi abinsa. Na jiƙa makuba, na kafa tsani, na yi kira sau uku, na hau. Kwana biyu na gama rufin ɗakunan bakwai, na share indararo.

Kuna so ku ji ko taliya ta koma kan igiya? Ban sani ba, ban duba ba. Na dai koma gida ran Juma'a na tarar maiɗakina ta dafa taliya da manja da yaji, ta ce daga gidan Malam Bashari aka sayo.